Igiya da Taswira: Nazari a kan Yaɗuwar Kaduna zuwa Rigachikun

Duk wanda ya daɗe yana bin hanyar Kaduna zuwa Zariya, in dai yana daga cikin masu lura da abin da idonsu ke gani, zai iya ba da shaida cewa akwai zamanin da mutum in ya wuce Kawo ya san ya fita gari, domin daga nan sai gonakin dawa da masara da tsirarun itatuwan ɗorawa da kaɗanya, har ya iso Rigachikun ya same ta gari mai zaman kansa, da kasuwarsa da masallacinsa da tashar jirginsa, sa'an nan ya sake faɗawa daji ya nufi Maraban Jos. Yau kuwa wannan tazara ta shuɗe. Gini ya haɗe da gini tun daga gadar Kawo, ta Barakallahu, ta filin Kasuwar Baje Koli ta Duniya da hedikwatar Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, har cikin Rigachikun da bayanta, ta yadda baƙo ba zai iya nuna inda birni ya ƙare ba, kai ko ɗan gari ma sai ya tsaya ya yi tunani. Mas'alar da ta dame ni, wadda kuma ta sa na ɗauki alƙalami, ita ce: waɗannan dubban gidaje da suka tsiro a inda jiya ake huɗa da noma, wa ya yanka musu hanyoyinsu, wa ya nuna wa ruwan sama inda zai bi, kuma wa ya ware musu wurin makaranta da wurin binne mamatansu?

Kafin a amsa, ya kamata a san cewa Rigachikun ba Kaduna ce ta haife ta ba. Ƙasar tana cikin masarautar Zazzau, da Gbagyi da Hausawa da Fulani suna zaune a cikinta tun ba a san za a yi wani birni a bakin kogin ba. Kuma da layin dogo daga Baro ya ratsa ta a kan hanyarsa ta zuwa Kano, inda ya isa a 1911, tashar Rigachikun ta yi suna, domin kafin a shimfiɗa ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, daga nan 'yan dako ke sungumar kaya su nufi ma'adinan kuza na Naraguta. A wannan tsakani ne Gwamna Lugga ya ga Zungeru, inda hedikwata take, ba ta yi masa ba saboda zafinta da cututtukanta, ya zaɓi wurin da dogo ya ƙetare kogin Kaduna, aka fara kai soja, daga bisani a 1917 aka tare da hedikwatar Lardunan Arewa gaba ɗaya. Saboda haka Kaduna tana cikin 'yan tsirarun biranenmu da aka zana a takarda kafin a aza tubali, kuma wannan shi ne abin da ya sa labarinta ya fi na kowane gari amfani ga mai son fahimtar inda tsari ke tsayawa.

Amma tsarin Lugga, in za a faɗi gaskiya, tsari ne na mai mulki domin jin daɗin mai mulki. Dokar garuruwa ta 1917 ta raba mazauna gida-gida: ga unguwar Turawa da manyan filaye da inuwar itatuwa, ga barikin soja, ga ofisoshi, sa'an nan aka shar'anta a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin Bature da baƙin mutum, bisa hujjar wai sauro ba zai ɗauko zazzaɓi daga wannan ya kai wa wancan ba. An yanka wa akawuna da 'yan kasuwa Sabon Gari da tituna miƙaƙƙu masu sunayen garuruwa, irin su titin Kano da na Katsina da na Ibadan, waɗanda har yau in ka bi su za ka ga albarkar awon farko, domin bayan shekara ɗari mota tana shiga tana fita. Wanda aka manta da shi shi ne lebura da kuku da mai wanki da mai sayar da itace, wato jama'ar da birni ba ya tsayuwa sai da su, alhali ba su da ƙarfin cika sharuɗɗan gini na cikin iyaka. Su sai suka raɓa da ƙauyukan gefe, inda ikon dagaci ke aiki, suka yi gini yadda hali ya ba su. Tun daga ranar Kaduna ta zama gari biyu, na taswira da na bayan taswira, kuma na biyun ne kullum ya fi saurin girma.

Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta hangi wannan. An keɓe Kaduna a matsayin yankin babban birni a 1956, masaƙar farko ta buɗe a Kakuri a 1957, wasu suka biyo ta, mutane suka yi ta kwararowa har ƙidayar 1963 ta sami kusan mutum 150,000 a garin. Sai aka ɗauko wani masanin tsara birane daga Ingila, Max Lock, shi da abokan aikinsa, suka zauna suka auna ƙasa, suka bi unguwanni suna tambayar mutane sana'arsu da yawan iyalinsu da inda suke ɗiban ruwa, suka fitar da kundi babba wanda ko sunansa ma yana ɗauke da shekaru uku, 1917 da 1967 da 2017, wato waiwayen shekara hamsin da hangen wasu hamsin. Ban san wani gari a Arewa da aka yi wa hidimar ilmi irin wannan a lokacin ba, sai fa Kano da aka yi wa nata tsarin na shekara ashirin daga 1963. Sai dai ƙaddara ta riga fata. A shekarar da kundin ya fito, a watan Mayu na 1967, Janar Gowon ya rushe jihohin nan huɗu ya ƙirƙiri goma sha biyu, gwamnatin da ta ba da aikin ta gushe, Kaduna ta koma hedikwatar Jihar Tsakiyar Arewa kaɗai, ga kuma yaƙin basasa ya kunno kai. Kundin ya zama maraya tun a zanen goyo.

Garin kuwa bai jira kowa ba. Kuɗin man fetur ya zo, aka buɗe kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, matatar mai ta fara aiki a 1980, makarantun soja da ma'aikatun tarayya suka yawaita, aka mayar da hanyar Zariya tagwaye, kowane ɗaya daga waɗannan yana jan jama'a kamar yadda zuma ke jan ƙuda. Birnin ya tumbatsa ya malala cikin ƙananan hukumomi huɗu, Kaduna ta Arewa da Kaduna ta Kudu da Chikun da Igabi, kowace da shugabanta da kasafinta da siyasarta. Rigachikun ta faɗa cikin Igabi, wadda hedikwatarta ke Turunku, tsohon garin da tarihin Zazzau ke dangantawa da Bakwa Turunku; kuma ƙidayar 2006 ta sami sama da mutum 430,000 a Igabin, wato kusan ninki uku na dukan Kaduna a 1963. Abin lura a nan shi ne, ƙaramar hukumar da aka gina domin sha'anin ƙauyuka, taki da rijiya da kasuwar mako, ita ce ta wayi gari tana ɗauke da Rigasa da Mando da Rigachikun, unguwannin da kowace ta fi wasu hedikwatocin lardi na da yawan jama'a.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika ambatonsa ba, alhali a ganina shi ne tushen al'amarin, wato hukuncin mallakar ƙasa. Tun daga shelar 1910, da dokar Jihar Arewa ta 1962, har zuwa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 wadda aka cusa cikin tsarin mulki, ƙa'idar ɗaya ce: ƙasa amana ce a hannun gwamna, mutum yana da haƙƙin zama da amfani ne kawai. In hukuma ta buƙaci gonarka domin maslahar jama'a, abin da doka ta wajabta a biya ka shi ne diyyar abin da ke kan ƙasar, amfanin gona da itatuwa da gini, ita ƙasar kanta ba ta da farashi a wannan lissafi. To, ka sa kanka a matsayin manomin Rigachikun da ya gaji eka biyar daga mahaifinsa, yana ganin birni na matsowa kowace damina. In ya jira safiyon gwamnati, za a ƙirga masa kan dawa da bishiyar mangwaro a ba shi abin da ba zai sayi fuloti ɗaya a cikin gonar tasa ba, wataƙila ma sai ya yi shekaru yana zirga-zirga kafin kuɗin su fito. In kuwa ya riga hukuma, ya kira dillali ya yanka ta da kansa, ya sami abin aurar da 'ya'ya da sauke farali da jarin kasuwanci. Wane mai hankali ne zai jira? Dokar da aka yi domin sauƙaƙa wa hukuma tsara gari, ita ce da kanta take koya wa manomi ya yi sauri ya sayar kafin tsari ya iso.

Na taɓa halartar irin wannan awo a bayan Rigachikun, wanda mutane ke kira awon igiya domin bambanta shi da awon gwamnati. Wani ɗan'uwana ne ya tara 'yan kuɗinsa na shekara da shekaru yana neman inda zai ɓoye iyalinsa ya huta da haya, ya roƙe ni in raka shi. Da hantsi muka isa, kaka ta wuce, karan dawa na kwance a kunya. Ga magada su tara, maza da mata, ga dillali da littafinsa, ga wakilin mai unguwa, ga samari biyu riƙe da igiya mai ƙulli, wani yaro kuma na bin su da guntayen turaku da guduma. Ƙafa 50 da 50 suke yankawa, wanda ya fi ƙarfi ya haɗa biyu. Da aka zo gefen gabas, inda wani tsohon burtali ya raba gonar da ta maƙwabta, sai dillali ya sa aka ja igiya ta haɗa da shi. Wani dattijo, ƙanen mahaifin magadan, wanda tun da aka fara yake zaune a gindin ɗorawa bai ce uffan ba, ya miƙe da sandarsa ya ce, "Malam, wannan ba gona ba ce, hanya ce, tun kakanninmu ba a nome ta." Dillali ya russuna ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba, ai shanun da ke bi sun daina zuwa, kuma ga layi nan mun bari, ƙafa 12." Dattijon ya dube shi ya ce, "Ɗana, in shanu sun tafi ai mutane na zuwa, kuma makara ba ta lanƙwasuwa."

Aka yi shiru. Ba wanda ya musa masa, domin kowa ya san gaskiya ya faɗa. Amma dillali ya buɗe littafi ya nuna wa babban magaji cewa in aka bar burtalin aka kuma faɗaɗa layi, fuloti uku za su salwanta, kuma rabon da aka riga aka yi bisa fara'ili, kowa da kasonsa, sai an sake shi. Ɗaya daga cikin matan, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta sunkuyar da kai. Na dubi fuskarta na gane cewa faɗin hanya, wanda a wurina mas'ala ce ta ilmi, a wurinta kuɗin makarantar ɗanta ne. Aka buga turaku. Kafin azahar an rubuta takardun ciniki, shaidu sun sa hannu, an fitar da la'ada, an yi fatiha. A cikin sa'o'i uku, mutanen da ba wanda ya taɓa ganin kundin Max Lock a cikinsu suka zana wani yanki na Kaduna, zanen da zai daɗe fiye da rayuwar dukanmu da muka tsaya a wurin, domin gida ana rushe shi a sake, amma layi in ya zauna ya zauna ke nan.

Abin da ke biyo bayan wannan sananne ne ga duk mazaunin irin waɗannan unguwanni. Layin ƙafa 12 ba ya zama ƙafa 12, don wannan zai fitar da dakali, wancan zai haƙa masai a waje, a kafa falwaya a tsakiya. Layin wannan gona ba ya haɗuwa da na waccan, tunda kowane dillali gonarsa kaɗai ya gani, sai ka yi tafiya ka ci karo da katanga. Ba a bar wa ruwa hanya ba, shi kuwa ba ya manta hanyarsa, sai a watan Agusta ya biyo tsohon kwarinsa ya shiga ɗakunan mutane. Rijiya da shadda suna maƙwabtaka a fili ɗaya, ga 'yan garuwa na tura kura a cikin taɓo, alhali madatsar Kangimi da ke taimaka wa Kaduna da ruwan sha tana cikin ƙasar Igabin nan. Filin makaranta kuwa sai jama'a sun yi karo-karo sun sayi fuloti da tsadar yau, maƙabarta ta cika ana neman inda za a ƙara. Na ga an fito da gawa daga wani lungu ana karkata makara ana ɗaga ta sama da kafaɗa domin ta sha kwana, na tuna da dattijon nan, hawaye suka zo mini.

Kada mai karatu ya ɗauka ina ɗora laifi a kan talaka, domin galibin waɗanda suka cika arewacin Kaduna larura ce ta kawo su. Rikicin watan Fabrairu da na Mayu na 2000, da na Nuwamba 2002, da na bayan zaɓen Afrilu 2011, sun yi wa garin abin da ko Lugga bai yi masa ba: Musulmi suka tattara daga kudancin kogi suka yo arewa, Kirista suka tattara daga arewa suka yi kudu, mutum ya sayar da gidan da ya haifi 'ya'yansa a cikinsa da araha ya tafi neman inda zai kwana da ido biyu rufe. Bayan wannan sai ga bala'in 'yan bindiga, wanda ya kwashe ƙauyuka a Birnin Gwari da Giwa da cikin Igabi kanta, manoma suka baro rumbunansu suka raɓu da 'yan'uwa a bakin birni. Wanda ya gudo da ransa ba ya tambayar faɗin titi. Haƙƙin hukuma ne ta riga shi isa wurin, kuma a nan ne aka yi sakaci, gwamnati bayan gwamnati.

Wasu suna ɗauka tsara gari ilmin Turawa ne, shi ya sa ba ya kama mu. Wannan jahilci ne ga tarihinmu. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya yi bayani a kan sharuɗɗan kafa birni, ya tattara su cikin tunkuɗe cuta da jawo amfani, ya lissafa kariya da kyawun iska da kusancin ruwa da makiyaya da gonaki da itace, har ya soki waɗanda suka kafa Kufa da Basra da Ƙairawan da cewa abincin raƙumansu suka fi dubawa. Fuƙaha'un mazhabar Malikiyya sun yi dogon bincike a kan haƙƙin hanya da na maƙwabci, bisa ƙa'idar nan ta hana cuta da cutarwa, har wani magini na Tunis mai suna Ibn al-Rami ya tara hukunce-hukuncen gini a littafi guda a ƙarni na 14, daga tagar da ke leƙa gidan wani zuwa indararon da ke zuba a hanya. Kuma ya zo a hadisi cewa in an yi saɓani a kan hanya a bar mata zira'i bakwai, wanda a zamanin raƙumi da kayansa faɗi ne mai yalwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa garuruwan ribaɗi, cikinsu har da Wurno inda kabarinsa yake, kuma a wasiyyarsa ga Umarun Dallaji na Katsina ya lissafa kula da kasuwanni da hanyoyi da gadoji da zaunar da masu sana'a cikin wajiban shugaba. Dubi ma ganuwar Kano da ta Zariya, yadda magabata suka zagaye fili mai yawa fiye da gidajen zamaninsu, suka bar gonaki da kududdufai a ciki domin 'ya'yan da ba a haifa ba. Kalmar hurumi da kowane Bahaushe ya sani, wadda asalinta Larabci ne, ma'anarta ke nan: filin da al'umma ta haramta wa kowa domin ya amfani kowa. Da wannan fiƙihu dattijon gindin ɗorawa yake magana, ko da bai ambaci littafi ba.

Ba zan yi zalunci in ce hukuma ba ta yi komai ba. Akwai KASUPDA mai ba da izinin gini; an sake ɗauko kamfanin Max Lock ya sabunta kundin a 2010 da hangen zuwa 2050; gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta kafa KADGIS domin shigar da bayanan filaye cikin kwamfuta da sauƙaƙa takardar mallaka, ta ƙaddamar da aikin sabunta birni a 2019, wanda ya faɗaɗa tituna ya kuma sake gadar Kawo, sa'an nan a 2021 ta kafa hukuma guda domin ta haɗa sha'anin birnin da ƙananan hukumomi suka rarraba. Wanda ya san cunkoson Kawo a da ba zai raina wannan ba. Amma akasarin ƙoƙarin gyaran abin da ya riga ya ɓaci ne, kuma gyara a cikin gari tsada gare shi, da kuɗi da hawaye: jan fenti a bango, katafila da asuba, rigimar diyya a kotu, iyali a waje da katifunsu. Titin da za a iya keɓewa da turaku da 'yan buhunan siminti lokacin da wurin yake gona, shi ne bayan shekara ashirin ake rushe gidaje ɗari kafin a samu. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Abin da nake gani, wanda kuma ba ƙirƙirata ba ce, shi ne hukuma ta rage burinta a takarda ta ƙara saurinta a ƙasa. Kundin da ke fayyace inda kowane shago zai zauna nan da shekara arba'in ba shi da mai aiwatar da shi. Abin da ake buƙata kaɗan ne: a fita gaban gini, zuwa gonakin da ba a yanka ba tukuna, a shata manyan hanyoyi masu faɗi da tazara daidai, a shata kwarin ruwa da bakin rafi, a ware hurumin makaranta da asibiti da kasuwa da maƙabarta, a dasa itatuwa a kan iyakokin domin kowa ya gani, manomi ya ci gaba da nomansa har ranar da gari zai iso. Birnin Niyu Yok na Amurka haka ya yi a 1811, lokacin da jama'arsa ba su cika 100,000 ba, ya shata tituna 155 a kan gonaki da duwatsu, mutane suna dariya, yau kuwa a kansu ake tafiya. Game da matar nan mai marayu kuwa, akwai hanyar da Japan da jihar Gujarat ta Indiya suka daɗe suna bi: masu gonaki su haɗa filayensu wuri ɗaya, a cire kason hanya da hurumi daga kowa gwargwadon gonarsa, a mayar wa kowa saura a matsayin fuloti mai hanya da takarda, wanda ko da ya ragu a faɗi ya ƙaru a daraja. Mutanen da suka iya rabon gado da sudusi da sumuni ba wannan lissafi ne zai gagare su ba. Sai dai ba zai yiwu daga ofis ba. Dole a zauna da hakimi da dagatai da masu unguwanni da limamai da su dillalan kansu, a ba su matsayi a cikin aikin da alhakin da ke tare da shi, tunda su ne a zahiri suke yanka garin, ko an yarda ko ba a yarda ba.

Kuma ko an yi duk wannan, Rigachikun ba za ta daidaita ita kaɗai ba, domin ruwan da ke cika ta daga tudu yake gangarowa. Abuja, wadda aka zartar da kafa ta a 1976 aka tare a 1991, an kashe mata dukiyar da ba a kashe wa wani gari ba, amma ga Nyanya da Mararraba can sun tsiro a gefenta da irin lungunan da muke kuka da su, saboda ma'aikatanta ba su da wurin kwana a cikin taswira. Matuƙar manomin Giwa ba zai iya kwana a ƙauyensu ba, matuƙar yaron Turunku ko Zangon Aya sai ya zo Kaduna zai sami sana'a da asibiti, matuƙar masaƙun Kakuri suna rufe audugar Funtuwa ba ta da mai saye a kusa, to jama'a za su ci gaba da taruwa a bakin babbar hanya. Tsaron ƙauye da hanyar kai amfanin gona kasuwa da raya ƙananan garuruwa tsakanin Kaduna da Zariya, duk suna cikin tsarin Rigachikun, ko da ba su bayyana a taswirarta ba.

Kwanan baya na koma gidan ɗan'uwan nawa. Sai da na bar mota a bakin titi na taka, don layin ba ya ɗaukarta. Ɗorawar nan an sare ta, a gurbinta akwai shagon cajin waya. A hanyar dawowa na gamu da dillalin, ya manyanta, ya gane ni muka gaisa. Na tambaye shi aiki, ya ce alhamdu lillahi, yanzu sun yi gaba, wajen Maraban Jos, akwai gonaki huɗu a jere da magada suka yi masa magana. Na ce ko wani daga hukuma ya je ya duba inda hanya za ta bi. Ya ce shi dai bai ga kowa ba tukuna, kuma da zarar an yanke dawa za su shiga da igiya.